Ba A Sa Mutum Ya Yanke Wa Unguwarsu Wuta

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, a shekarar da kogin Yamai ya janye har mutane suna ƙetare shi da ƙafa a ƙarƙashin gada, ina aiki a ɗakin da ake raba wa birnin nan wutar lantarki. Shekaruna ashirin da huɗu, ina da siririn gashin baki da nake gyarawa sau biyu a rana, kuma kullum akwai littafin soyayya a aljihun rigar aikina. Lokacin ne ƙananan littattafan nan suka fara shigowa daga Kano a cikin kayan ƴan atamfa, ni kuwa ba wanda ke wuce ni ban karanta ba. A cikinsu na koyi yadda ake kallon mace, da yadda ake rubuta wasiƙa, da abin da na ɗauka shi ne amana tsakanin abokai. Biyun farko ba su cutar da kowa ba sai ni.

Bari in fara da ɗakin, don in ba ku gane shi ba, sauran labarin zai yi muku wuyar ganewa. Ba shi da taga ko ɗaya. Bango guda allo ne na ƙarfe, cike da agogo-agogo masu allura, a ƙasansu kuma jerin mariƙai, kowanne da sunan unguwa a rubuce. Ka ja mariƙi ƙasa, wutar unguwar ta ɗauke. Ka mayar da shi, ta dawo. Wutar da muke rabawa daga wuri biyu take zuwa: dogon layin da ya taso daga madatsar ruwa a Najeriya, da tsofaffin injinanmu masu shan gazuwal, wato man dizal, da ke ruri a bayan ɗakin. Da fari ya yi tsanani, abin da layin ke kawowa ya ragu, injinan kuma zafi yana kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wuta ba ta isar gari. A tsakiyar allon akwai wata babbar allura da dole ta tsaya a kan hamsin. In ta fara sauka, gari yana jan abin da ya fi ƙarfinmu ke nan. Kafin a karance Fatiha sai ka yanke wata unguwa, in ba haka ba komai ya faɗi gaba ɗaya.

Mariƙai biyar an shafa musu jan fenti: fadar shugaban ƙasa, barikin soja, gidan rediyo, asibiti, da famfunan ruwa. Waɗannan ba a taɓa su. Sauran unguwanni bi da bi ake yanke su, bisa wata takarda da ke manne a bango. Mutum biyu ke aiki tare. Ɗaya yana kallon allura, ya kira sunan unguwa da ƙarfi. Ɗayan ya maimaita sunan, ya ɗora hannu a kan mariƙin, sai na farko ya ce "haka ne" sannan ya ja. A bakin ƙofa akwai soja zaune a benci, bindiga a cinyarsa, yana sauraronmu. A kan tebur kuma akwai baƙar waya marar lambobi, ba mu iya kira da ita, sai dai a kira mu. Duk wanda ya kira ta, ba gaisuwa ta kawo shi ba.

Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ba, tun kafin in zo take. Ba a sa mutum ya yanke wa unguwarsu wuta da hannunsa. In takarda ta zo kan unguwarku kuma kai ne a gaban mariƙai, abokin aikinka zai kira sunan, ya taso ya ja da kansa, kai kuma ka maimaita kawai, hannuwanka a baya. Tsofaffin wurin sun ce an yi haka ne don mutum ya iya duban maƙwabtansa a ƙofar masallaci ya ce wallahi ba shi ya ja ba, kuma bai yi rantsuwar ƙarya ba.

Abokina shi ya koya mini duk wannan. Ba'adare ne, ya girme ni da shekara goma, ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Ango, don a cewarsa kullum ina kama da wanda za a ɗaura wa aure gobe. Shekara goma sha biyu yana gaban allon nan. Yana iya jin inji zai faɗi tun daga sautin rurinsa, kafin allura ta motsa. In ya ga na zaro littafi sai ya ce, "Ango, aje wanga littahi. In gari ya yi duhu ita ma gimbiyar taka ba ta ganin hanyar zuwa wurinka."

Gidansa ɗaki biyu ne a bayan kasuwar Wadata. Da dabbobi suka ƙare a ƙauyensu, mutanen gida suka fara isowa a bayan kamiyo, manyan motocin kaya, yau biyu, jibi huɗu. Mahaifiyarsa ta zo, matan ƙannensa suka zo da ƴaƴansu, har wani kawunsa makaho. Tsakar gidan ta zama wurin kwana. A wurin aiki kuma umarni ya sauko daga sama cewa ba hutu ga kowa sai ruwa ya sauka, aka mayar da aikin awa takwas ya zama goma sha biyu.

A kofin shayi na fara gani. In ya ɗauka sai ya riƙa ƙwanƙwasar haƙoransa. Daga nan sai ya fara miƙa hannu ga baƙar wayar alhali ba ta yi ƙara ba. Ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye, ya dubi sojan ƙofa ya yi murmushin da ba na murmushi ba. Wata rana na kira sunan wata unguwa, ya maimaita daidai, amma hannunsa yana kan jan mariƙi na bariki. Na yi tari. Ya duba, ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

Ranar da la'asar, da masu karɓarmu suka riƙe mana allo don mu yi sallah, na same shi a bayan injina inda muke alwala. Yana tsugune, buta a karkace a hannunsa, ruwan yana zuba a ƙasa bai sani ba.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

"Lahiya lau."

"Ruwanka ya ƙare ba ka wanke ko hannu ba."

Ya dubi butar. Sai ya miƙo mini hannunsa na dama, yana rawa kamar na tsoho. Ya ce, "Tun watan jiya. In na ruhe ido sai in ga allurar nan tana sauka. Ina sujada ina jin wayar. Shekaranjiya ina cin tuwo a gida na ɗauki ludayi na kai kunne na ce alo. Inna tana kallona."

Na yi dariya, don na ɗauka yana so a yi dariya. Bai yi ba.

Na ce, "To mu gaya wa Shef." Haka muke kiran shugabanmu a wurin aiki.

"Mu gaya mishi mi? Mu ce Ba'adaren ya taɓu? Mutum goma sha bakwai ke ci a tukunyata, Ango. Kuma ɗiya mata uku gare ni. Wa za ya auri ɗiyar mahaukaci?" Ya kama wuyan hannuna da hannun nan mai rawa. "Ka ruhe mini asiri, Allah ya ruhe naka. Har ruwa ya sauka kawai."

Kunya nake ji in faɗa, amma daɗi na ji. Ƙirjina ya cika. A duk littattafan da na karanta akwai wurin da aboki ke ɗora wa abokinsa sirri, ga shi yau ya zo kaina. Na dafa ƙirji na ce masa ko da wuƙa za a ɗora mini a wuya, maganar nan ba za ta fita daga bakina ba har a binne ni da ita. Ya dube ni da jajayen idanunsa, ya ce, "A wane shahi ka samo wagga?" Wannan karon ya yi ƴar dariya.

Daga ranar na ɗauke aikin mutum biyu. Ni ke kallon allura, ni ke kiran unguwa, ni ke tasowa in ja, kamar kowace unguwa a Yamai unguwarsu ce. Shi dai ya maimaita da baki don sojan ƙofa ya ji murya biyu. In waya ta yi ƙara ta gaske, na riga shi ɗauka, in sha zagin. In ta yi ƙarar da shi kaɗai ke ji, sai in tsokano hira da sojan don kada ya lura.

Shef ɗinmu Bazabarme ne, dattijo, mai magana a hankali, Hausarsa ta kasuwa ce. Bayan kamar wata guda ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Ɗan Damagaram, zauna. Abokinka ya rame."

"Kowa ya rame, Shef."

"Ni ba na so in ji magana a bakin soja. In ya gaji, akwai wuri a sashen gyaran kaya. Ya yi wata biyu can yana kwance kusoshi, ba waya, ba allura, albashinsa ba ya taɓuwa. Amma sai na rubuta dalili. Dalili kuma wanda ke zaune da shi awa goma sha biyu ne zai ba ni."

Na dube shi ido cikin ido, yadda na karanta jarumai suna yi. Na ce, "Baƙi ne suka yi masa yawa a gida, Shef. A gaban allo kuwa har yanzu ya fi ni."

Ya jima yana juya alƙalami a hannu. Ya ce, "To. Kai ka faɗa."

Da na koma, na raɗa wa abokina cewa Shef ya yi tambaya na kawar da shi. Ya yi mini godiya har da sa albarka. Zancen sashen gyara kuwa ban gaya masa ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. A da ina cewa don na san ba zai yarda a rubuta komai a kansa ba. Yanzu da na tsufa ina jin ba na so a karɓe mini rufin asirin ne. Shi ne abu mafi girma da aka taɓa ba ni in riƙe.

Duk Juma'ar da ba mu da aiki, a gidansa nake cin abincin rana. Mahaifiyarsa tana kwance a ɗaki, zafi ya sa ta gaba, numfashinta sama-sama, ƙaramar fanka tana juyi a kanta. Fankar nan shi ya saya mata, kuma duk ranar da aka yanke Wadata sai mata su yi ta yi mata fifita bi da bi. Matarsa kan biyo ni har zaure in zan tafi, ta rage murya ta ce, "Ƙanena, ba ya barci. Ko ya kwanta sai ya zabura. Wani abu ya faru a wurin aiki?" Ni kuma in ce, "Aiki ne kawai, Yaya. Duk haka muke." Ta ce to, Allah ya kawo sauƙi, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a takarda.

Haka muka yi wata uku.

A lokacin akwai wadda nake nema, ɗiyar wani mai atamfa mutumin Maraɗi. Ta aiko mini cewa za a kai ta wurin gwaggonta a Maraɗi sai bayan damina, in ina son sallama in same ta a Gaweye, can bakin kogi, ranar Talata bayan azahar. Ranar ina da aiki. Na nemi wanda zai riƙe mini awa uku, na samu wani da aka kawo mana daga wata tashar kwana goma da suka wuce, mutum mai furfura, mai bin takarda sau da ƙafa. Bai san dokarmu ta unguwa ba. Bai ma san inda abokina yake zaune ba. Na yi niyyar in yi masa bayani, amma in na fara bayani sai na kai ga abin da na rantse ba zan faɗa ba. Sai na dafa kafaɗarsa ina dariya na ce, "Ka kula mini da tsohon nan." Ya ce to.

Abokina ya bi ni da ido har ƙofa. Ya ce, "Ango, kada ka jima." Na ce awa uku ne. Na san sarai bayan azahar ne injina suka fi faɗuwa. Na sa turare na fita.

Na same ta a bakin kogi, ƙawarta tana biye daga nesa. Muka sauka cikin yashin da a da ruwa ne. Jiragen masunta suna kife a busasshiyar laka, jakuna suna ƙetarewa da kaya, wasu mata suna tonon rami suna jiran ruwa ya tsattsafo. Ni duk wannan ban gan shi a matsayin masifa ba, na gan shi a matsayin wurin da ya dace da jawabin da na haddace.

Na ce mata, "Kin ga kogin nan? Haka zuciyata za ta koma in kin tafi."

Ta duba hagu da dama. Ta ce, "Madalla. Sai mu samu wurin shanya."

"Ina miki maganar rai, kina zancen wanki."

"Mai wuta, ka bar mana fankarmu ta yi juyi kwana biyu a jere, sannan in yarda kana da zuciya."

Muna cikin haka muka hau gaɓa wurin wani mai shayi da ya rataye rediyo a reshen itace. Ana karanta sanarwa kan rabon hatsin agaji, mutane sun kewaye suna sauraro. Sai muryar ta yanke a tsakiyar magana. Mai shayin ya buga rediyon a tafinsa, ya juya, ya sake juyawa. Ba komai sai shuu. Waɗanda ba su yi zamanin nan ba ba za su san abin da shirun rediyo yake nufi ba. Wani dattijo ya naɗe tabarmarsa ya ce a hankali, "An sake juyin mulki ke nan." Kafin a jima masu tebur sun fara kwashe kaya, mata suna jan ƴaƴansu, sai ga motocin soja biyu sun hau gada sun tare ta.

Ta dube ni. Fitilun babban ginin da ke bakin kogi, waɗanda ke ci ko da rana, sun mutu. Ta ce, "Kai ba yanzu kake da aiki ba?"

Ban yi mata sallama ba. Da gudu na tafi, ba taksin da ya tsaya.

Na tarar da soja cike da harabar. Shef da mai furfurar nan suna gaban allo, gumi ya jiƙa su, suna tada gari unguwa-unguwa, jajayen mariƙai da farko. Abokina ba ya nan. An riga an tafi da shi. Takalminsa ɗaya yana ƙarƙashin tebur.

Sai bayan wuta ta dawo mai furfurar ya ba ni labari. Inji ɗaya ya faɗi. Allura ta fara sauka. Shi ke kallo, abokina ke gaban mariƙai. Ya duba takarda, Wadata ce a kan layi, ya kira. Abokina ya maimaita, ya ɗora hannu. Mai furfurar ya ce masa haka ne. Abokina bai ja ba. Ya sake kira, ya sake. Ya ce, "Sai na ji yana cewa Inna tana kwance, Inna tana kwance. Kafin in zagayo teburin komai ya faɗi." Ya dube ni ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini can gidansa yake?"

Gari gaba ɗaya ya ɗauke, har fada, har bariki, har Wadatar da ya kasa yankewa. Kafin gidan rediyo su tada nasu injin, rabin kasuwannin Yamai sun watse.

Kwana takwas ba mu san inda yake ba. Matarsa tana zuwa ƙofar tashar kullum da safe da kwanon abinci, ta tsaya a rana, ta koma da shi. A rana ta tara aka aiko mota ta ɗauke ni zuwa bariki. Aka shigar da ni wurin wani kapitan, matashi, mai tsabta, yana ɓare gyaɗa a kan tebur. Ya fara da Faransanci, da ya ga bakina yana sarƙewa sai ya koma Hausa.

Ya ce, "Mutum ya yi shekara goma sha biyu yana jan ƙarfen nan. Rana ɗaya, daidai lokacin da ake sanarwar gwamnati, ya ƙi ja. Kai kuma, abokinsa, daidai ranar ka tafi yawon bakin kogi. Mun tambaye shi wa ya sa shi, ya ce ba kowa. Mun tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce lafiyarsa lau. To mai lafiya da ya kashe wa ƙasa rediyo, ka san sunansa a wurinmu, ka kuma san inda ake kai shi." Ya tura mini gyaɗa. "Ci. Wa ya sa ku?"

Na gane abin da ke gabana. In na riƙe alkawarina, za a kai shi inda mutane ba su cika dawowa ba. In na karya, zai fita, amma da sunan da ya fi tsoro a duniya. Shi ya riga ya zaɓa, kwana takwas yana ce musu lafiyarsa lau. Na nemi jumla ɗaya daga duk littattafan da na karanta, ban samu ba. Ba wuƙa aka ɗora mini a wuya ba ma, gyaɗa aka tura mini.

Na faɗi komai. Kofin shayi, wayar da ba ta ƙara, ludayin, jan mariƙin da ya kusa ja, ƙaryar da na yi wa Shef. Wani soja yana bugawa a keken rubutu. Da na gama, kapitan ɗin ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga tebur ya ce, "Wata uku kana kallon mutum yana narkewa, ka bar masa garin nan a hannu. Kai ne ya kamata a duba wa kai."

Suka riƙe ni kwana biyu. Da na fito aka sauke ni daga ɗakin allo, na yi shekara ina wanke injina. Shi kuma aka ɗauke shi daga bariki zuwa ɓangaren masu taɓin hankali na asibiti, ya yi wata guda, aka sallame shi da takardar cewa bai dace da aikin ba. Kafin ya iso gida duk Wadata ta ji. Mahaifiyarsa ta rasu yana can.

Na je gaishe shi. Yana zaune a zaure a kan buzu, an aske masa kai, hannunsa ya daina rawa. Na tsuguna na yi masa ta'aziyya, ya amsa yadda ake amsa wa baƙo. Da na miƙe zan tafi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Da ka bar ni can, da an ce soja sun ɗaure ni. Mutane suna girmama wanda soja ya ɗaure."

Bai ce mini Ango ba. Bai sake ce mini ba har muka rabu.

Da ruwa ya sauka ya kwashi iyalinsa suka koma Adar. Na rubuta masa wasiƙa huɗu, irin dogayen nan nawa, ba amsa. Wadda nake nema ta dawo daga Maraɗi, muka yi aure, ita ce uwar ƴaƴana. Na koma ɗakin allo, daga baya har na zauna a kujerar Shef. Ban zama gwanin komai ba, amma na zama mai kallon hannuwan mutane. In na ga wani yana riƙe kofi da hannu biyu, ko ya yi shiru da yawa, ko dariyarsa ta yi yawa, ba na tambayar abokin zamansa, don na san abin da zai ce mini. Sai in tura shi sashen gyara in rubuta cewa ana bukatar hannu a can. Na sa kowa ya riƙa zagawa sashen nan bi da bi, mai lafiya da marar lafiya, don kada a gane wa aka kai don me. Wasu sun ji haushina, sun ce na raina su. Na yarda su ji.

Bayan shekaru masu yawa labari ya zo mini cewa ya rasu. Na hau mota na tafi ƙauyensu. Aka nuna mini gonarsa, aka ce ya yi noma, ya yi limancin ƙaramin masallaci, ƴaƴansa mata duk sun yi aure. Sai aka kai ni wurin matarsa. Ta tsufa, tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Na yi mata gaisuwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ina so in san ko ya yafe mini tona masa asiri da na yi a gaban soja.

Ta ce, "Wannan tun tuni. Yakan ce da ba ka yi magana ba da ƙasusuwansa ma ba mu gani ba. Girman kai ne ya hana shi rubuto maka."

Na ji wani nauyi ya fara sauka daga ƙirjina. Na soma yi mata godiya. Ta ɗaga hannu.

"Shi ke nan nashi. Ni kuwa sau nawa na bi ka zaure na tambaye ka? Kana cin tuwona, kana duban idona, kana ce mini aiki ne kawai. Da ka gaya mini, da na san abin da zan yi da mijina. Da na kwashe baƙin nan na kai su gidan ƙanena, da na je wurin Shef ɗinku da ƙafata. Ni ba soja ba ce, ƙanena. Matarsa ce." Ta ci gaba da jan carbinta. "Ka sha ruwa, hanya da nisa."

Na sha. Shekara da shekaru ina neman gafara a kan ranar da na yi magana, ashe wata ukun da na yi shiru ne laifin. Ta raka ni da ido har bakin danga, ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Har yau ban ga ta inda zan fara ba.